Kazar Mai Ɗori

Shekarar da maigidana ya dawo daga cin rani a Kano, ya zo mana da salula cike da bidiyo. A ciki akwai wata 'yar Japan, 'yar firit da ita, tana tafiya a kan katakon da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ta yi alkafura a sama ta dire a kansa. Mutanen ƙasarsu sun cika fili suna kaɗa tuta, wasu har da kuka. Kafin sati matan unguwarmu duk sun san ta. Da an gama daka sai tsakar gidana ya cika, kowa na cewa a sa musu 'yar Japan.

'Yata mai shekara tara ta ɗora azara a kan turmi biyu ta fara kwaikwayo. Ban hana ta ba. Ni ce ma mai tafi, ina cika baki cewa mu ma a Matameye muna da tamu. Bayan maigida ya koma Kano, wata ranar kasuwa da hantsi ƙafarta ta goce, ta faɗo a kan hannun dama. Daga madafa na ji ƙarar ƙashin.

Na goya ta sai gidan mai ɗori, wani tsoho da ya ɗora rabin garin. Ya yi tofi, ya ja hannun, ya jera kara ya ɗaure tamau. Sannan ya karɓi kazar da ya sa na kawo, ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗora ta. Ya ce kada a kwance sai kwana bakwai, ranar da kazar ta taka, yarinya ta warke.

To, kaza na zauna ina gadi. Yarinyar tana kuka tana cewa yatsunta sun mutu, ni ina ce mata ta yi haƙuri, ɗori ya gaji haka, ina watsa wa kaza gero. Rana ta huɗu kazar ta taka, har na yi guɗa. Da na je in yi wa 'yata albishir na kama yatsunta, sai na ji su sanyi ƙalau, sun kumbura sun yi baƙi.

Ban san lokacin da na isa tasha goye da ita ba, takalmi ƙafa ɗaya. Taksin Damagaram, inda babban asibiti yake, ya ƙi cika, direba ya ce saura mutum uku. Na durƙusa gabansa a bainar jama'a ina roƙonsa don Allah don Annabi, har fasinjojin suka sa baki ya tashi. Duk hanya ina hura wa yatsun iska da bakina kamar mai hura wuta. Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba.

A asibiti likita ya yanke ɗaurin, ya tambaye ni kwana nawa. Na ce huɗu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Hannun ya tsira, amma yatsu uku sun lanƙwashe, har yau da hagu take rubutu.

Da muka dawo gida ta ce in sa mata 'yar Japan. Na so in ƙi, na kasa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna mini ƙasan katakon, inda ban taɓa dubawa ba.

"Inna, kin gani? Ita katifa aka shimfiɗa mata."