Hannun Ɗantala Dillali

Duk wanda ya taɓa sayen akuya a karar Gidan Rumji ya san Ɗantala, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Shekara talatin da ɗoriya yana dillanci. Da ya buɗe bakin akuya ya dubi haƙora zai gaya maka shekarunta, har da ko mai ita marowaci ne. Amma gwanintarsa ta gaske sai ƙarshen ciniki: ya cafko hannun mai saye da dama, na mai sayarwa da hagu, ya ja, su noƙe, ya ƙara ja, har ya haɗa su. In Ɗantala ya haɗa hannu, magana ta ƙare.

Wata rana yana dawowa daga Cadakori bisa babur ɗin kabu-kabu, da 'yar jar akuya a cinya, moto ya watsar da su. Ja'irar akuyar nan ta miƙe, ta karkaɗe kunne, ta shiga kiwo abinta. Shi kuwa sai Maradi, inda likita ya yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa. Ya yi kuka, ba ɓoye-ɓoye. Da ya share hawaye, sai ya tambayi matarsa Husaina ko an ba akuyar ruwa.

Sandunan hammata aka fara ba shi, ya koye su tsaf, ya koma kara. Ranar ya tarar da Jaye, Bafillace mai tumaki, wanda shekara ashirin ba ya ba kowa igiyarsa sai shi. Ciniki ya yi zafi, Ɗantala ya manta, ya saki sanduna ya cafko hannuwa. Rigijib! Su uku a ƙasa, cikin kashin awaki. Kara ta ɗauki dariya, shi ma ya yi, amma da ya koma gida ko kallon tuwo bai yi ba. Dillalin da sanduna suka cinye wa hannu biyu, da me zai haɗa mutane?

Jaye ya bi shi har gida, ya ce, "Kasuwar jajiberin layya zan kawo raguna. In kana nan, kai ne. In ba ka nan, dole in ba wani igiya, kada ka ga laifina."

Wata ƙungiya ta ba shi kujera mai taya, sabuwa ful, sai ƙyalli. Bisa simintin buro, wato ofishin ƙungiyar, kamar ta tashi sama. Ana fitowa ƙofa ƙananan tayoyin gaba suka nutse cikin rairayi. Husaina ta tura, ta tura, ta dafe ƙugu.

"Maigida, ni hwa ba jaka ka aura ba!"

Kujerar tana nan har yau a tsakar gida, bisanta Husaina take tsinkar zogale.

Sai ya nufi rumfar Rashidu mai walda, wanda ke ƙera keken guragu mai taya uku, irin wanda ake murzawa da hannu. Ɗantala ya zagaye keke ɗaya yana lallatsa shi kamar tunkiya.

"Wannan ƙafafunta sun yi siriri, rairayi zai cinye ta. Sa mini tayar moto. Mazauni kuma ka sauke shi daidai bakin akuya. Ka yi mini zobe na ɗaure igiya. Kuma birki nike so mai kulle."

"Baba, kulle kuma? Wa zai sace ka?"

"Ƙato biyu zan ja, yaro. In ba kulle, su za su ja ni."

Keke bai kammalu ba sai da safiyar kasuwar. Ɗantala ya murza, ya murza, kafaɗu na wuta, gumi har cikin ido, ga rana ta riga ta take. Da ya kutsa cikin kara sai ga Jaye zaune gindin itacen bedi, igiya naɗe a hannunsa. Dillali uku ya kora tun safe.

Wani alhaji daga Tibiri ya taya babban rago, Jaye ya ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. Ɗantala ya danna kullen nan, ƙwas, ya cafko hannuwa. Alhaji ya noƙe, Jaye ya turje, keke ko motsi. Dole manyan nan biyu suka sunkuyo, suka ƙara sunkuyowa, har tafi ya haɗu da tafi a kan cinyar Ɗantala. Kara ta kaure da sowa.

Alhaji ya ja ragonsa ya tafi. Jaye kuwa ya ƙi sakin hannun dillali, ya riƙe gam, idonsa ya kawo ruwa. Ɗantala ya yi gyaran murya.

"Kai, Jaye, sakar mini hannu," ya ce. "Yanzu da shi nike tahiya."