Mai Kyamarar da Ya Tsaya a Soro

A wani ƙauye kusa da Makoɗa, duk bikin da aka yi a shekarun nan Sama'ilu ne ya ɗauki bidiyonsa. Manomin gero da gyaɗa ne, bidiyon kuwa sana'ar rani ce. Mutanen gari na ce masa "ɗan fim" suna taɓe baki, amma ranar bikin 'ya'yansu su ne masu turereniya a gaban kyamararsa. Halinmu ke nan.

Abin da ke ran Sama'ilu ba biki ba ne, lugude ne. Yana yaro, hantsi na yi sai garin ya ɗauki sautin turmi. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wannan ta saka taɓarya waccan ta zare, a bugi gefen turmi, a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Daga gona ma kana iya cewa yau surfe ake yi a gidan wane. Inna Hure, ƙawar mahaifiyarsa marigayiya, ita ke ba da waƙa, sauran na amshi. Sai injin niƙa ya zo ya kafa haƙora a bakin kasuwa, turame suka koma kujerar zama. Yanzu Inna Hure kaɗai ta rage da waƙoƙin a kanta, ga tsufa, ga tarin da ya ƙi sakinta tun damina. Sama'ilu ya ce kafin muryar ta tafi sai ya yi fim ɗinsa na farko a kanta.

Tsohuwar kyamararsa ta biki ba za ta iya wannan aikin ba. Da aka kai amfanin gona gida, ya shiga mota sai Kano, shagon wani Badaru mai sayar da kayan ɗaukar hoto.

"Fim za ka yi ko wasan yara?" in ji Badaru. Ya sauko da wata ƙatuwar kyamara mai hanci kamar bakin tulu, da ƙarfenta mai ƙafa uku. "Wannan in ka kafa ta, mai gari ma sai ya gyara zama."

"Murya fa? Waƙa nake so."

"Malam, hoto ake kallo. Murya tana biyo baya."

Ya saya. Ranar da ya sauka da ita daga kan babur, har masu taɓe bakin sai da suka zo shafawa.

An sa rana. Inna Hure ta tara matan aure masu ƙarfin damtse a gidan ɗanta, an fito da turame an wanke. Sama'ilu ya yi sallama ya ratsa soro da kayansa a kafaɗa, kamar yadda ya saba ratsawa yana yaro. Sai tsohuwar ta tare ƙofa da sandarta.

"Ina zuwa?"

"Ciki, Inna."

"Da wannan gemun? Matan mutane ne a ciki, sun ɗaure zani a ƙirji za su yi aiki. Kai a zatonka har yanzu kai ne mai zuwa lasar gari a gindin turmi?"

Wallahi bai taɓa tunanin haka ba. Ya lissafa batir, ya lissafa hasken rana, bai lissafa shekarunsa ba.

Aka kira matarsa Aina'u. Ta ɗaga kyamarar, nauyinta ya rinjaye ta. Da aka kafa ta a kan ƙafafunta a tsakar gida, matan suka ja mayafi suka ƙame kamar masu hoton katin zaɓe. Ɗan abin da aka ɗauka, da ya kunna a soro, sai kukan injin niƙa da carar zakara. Muryar Inna Hure tana can ƙasa kamar daga rijiya.

Washegari ya koma Kano mayar da kyamarar, wannan karon da Aina'u. Ita ta riƙa ɗaga kyamarori tana auna su a tafin hannu, har ta tsaya a kan wata 'yar ƙarama wadda ake buɗe fuskarta a gefe. Shi kuma ya zaɓi makirfo mai kamar ƙwallon goriba, wanda ake maƙalawa a wuyan riga.

"Ka sauko daga raƙumi ka hau akuya," in ji Badaru.

"Akuyar tana shiga cikin gida," in ji Aina'u, ba ta ko ɗago kai ba.

Suka roƙi mai inji ya kashe na hantsi ɗaya. Ya yi ta gunaguni, amma ya kashe, don uwarsa ma na cikin masu amshi. Aina'u ta shige ta maƙala wa Inna Hure makirfon, Sama'ilu ya zauna a kan tabarmar soro, hannu rabbana, mai fim da bai ga fim ɗinsa ba.

Taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu ta amsa. Aka tafa. Tsohuwar ta yi tari, sannan muryar ta tashi, siririya amma ba ta karkace ba. Ta yi baitocin da, waɗanda ya sani, yana bi da leɓe. Can sai ya ji sabon baiti: ɗan ƙawata ya sayo ido a birni, ido ya shiga gida, mai ido yana soro.

Matan suka ɗauki amshi suna dariya, turmi bai tsaya ba. Sama'ilu ya jingina da bango, ya goge fuska da hularsa, yana fatan Aina'u ba ta manta ta danna jan maɓallin ba.

Ba ta manta ba.