Kwano uku na taliyar Japanawa

Ku yaran da kuka karɓi mota daga hannunmu, kun dame ni in rubuta muku wani abu kan aikin shofer. To ga shi. Lakwal ɗina, wato boko, bai yi nisa ba, ni da mushe malaminmu mun rabu lafiya tun kafin a kai ga rabawa mai tsawo, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Ranar da har yau ta ƙi fita daga kaina ita ce ranar da maigidana ya kai ni cin abincin ƙasarsu a Yamai.

Lokacin ina tuƙi a wani proje na haƙa rijiyoyin famfo a ƙauyukan Droum da Zermu. Maigidan namu Bajapane ne, muna ce masa Injiniya. Mutum ne marar hayaniya, ko ƙofar mota ba ya bugawa, sai ya rufe ta kamar akwai jariri yana barci a ciki. Abu ɗaya kawai ƙauyawa suka san shi da shi: ci. Duk gidan mai garin da muka sauka, in an kawo tuwo ko fura, Injiniya sai ya ga gindin ƙwarya.

Ga yadda proje yake, don waɗanda ba su sani ba. Ba aikin gwamnati ba ne da za ka shiga da baƙin gashi ka fita da furfura. Zango-zango ake yi, in zango ya ƙare kwantaragin kowa ya ƙare, sai wanda aka sake kira. A ƙarshen zangon namu magana ta fito cewa mota ɗaya za a bari a Damagaram, mu kuwa shofer biyu ne, ni da Garba. Garba yaro ne, Faransancinsa kamar na rediyo. Ni ga furfura, ga iyali a Birni.

Ana gobe za mu tafi Yamai in kai Injiniya babban biro, wato ofishin proje, Yohanna mai ajiyar kayan proje ya ja ni gefe. Abokin wasana ne, ba ya faɗin magana sai ya sa mata yaji.

"Malam Isuhu, mutanen nan ba sa korar mutum da baki," in ji shi. "Sai su ciyar da kai tukuna. In ka ga ya ce ka zo ku ci abinci, ka fara neman amalanke."

Na ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi, amma maganar ta bi ni har Yamai.

Ƙa'idar aikinmu a fili take. Shofer yana sauke maigida a ƙofar gidan abinci, ya gyara mota ta fuskanci hanya, ya nemi mai shinkafa da wake a bakin titi. Washegarin isarmu Yamai da azahar na tsaya a gaban wani ɗan shago mai labule gajere a ƙofa, na sauke shi, ina shirin juyawa sai ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam Isuhu, kashe mota. Yau tare za mu ci."

Na ce a raina, Yohanna, Allah ya isa.

Ina ɗaga labulen nan sai wani tsohon Bajapane mai ɗaurin kai ya daka tsawa daga bayan tukwane. Na juya zan fita, don a saninmu wanda aka yi wa tsawa a ƙofa bai da wurin zama. Injiniya ya riƙo hannun rigata ya ce maraba ce ake yi mini. Wurin ba teburi irin na manyan otal, dogon katako ne kowa ya jeru yana kallon mai dafawa, kamar masu jiran allura. Aka zaunar da ni kafaɗa da kafaɗa da maigidana, abin da ban taɓa yi ba sai a cikin mota.

Wata mata mai kawo abinci ta miƙo mini ɗan tsumma mai zafi. Na gaishe ta, ta amsa da Hausar gida, ashe ɗiyar Damagaram ce, sunanta Hadiza. Na rage murya na tambaye ta abin da ya fi damuna.

"Kwantar da ranka, Baba," in ji ta. "Kaza ce, ni na sayo, a gabana aka yanka."

Aka fara kawo wasu 'yan dunƙule masu kama da kunne, gefe ɗaya a soye gefe ɗaya fari, wai giyoza. Nama ne da ganye aka sa wa riga aka ɗinke. Ni kuwa abin da aka ɓoye ba na cinsa sai na gani, don haka na buɗe kowane ɗaya na duba kamar jandarma a shingen hanya. Da su aka ba ni tsinke biyu, irin na tsire amma babu naman. Na yi ta fama, in na kama da ɗaya ɗayan ya gudu, har Hadiza ta ji tausayina ta kawo cokali mai yatsu.

Sai ga babban kwano, wai ramen. Taliya ce a cikin romo, da rabin ƙwai, da yankan kaza, da wani baƙin ganye mai kama da takarda. Na yi bisimilla na ɗanɗana. Wallahi da daɗi, romon nan kamar an kwana ana lallashinsa.

Ban kai loma ta biyu ba na ji wata ƙara a gefena, irin wadda famfon Droum yake yi in ruwa ya ja baya. Na waiga. Injiniya ne. Mutumin da ba ya buga ƙofa, ya kifa kai cikin kwano yana zuƙar taliya, ana jinsa har titi. Na rasa inda zan sa idona. Ciwo ne ya kama shi? Ba'a yake mini? Ko gwada ni yake ya ga ko zan yi dariya? Na kawar da kai don in rufa masa asiri, na ci nawa shiru kamar yadda tsohuwata ta koya mini. Da na ji na isa, na bar saura a kwano yadda baƙon kirki yake yi, na ture shi gaba.

Tsohon mai ɗaurin kai ya leƙo kwanon. Fuskarsa ta faɗi. Ya sunkuya, ya ɗauke, ya ɗanɗana romonsa na tukunya, ya ƙara wani abu, ya ajiye mini sabon kwano cike. Na ce to, karamci ne. Na sassauta tazugen wandona na ci, na bar saura fiye da na farko don ya gane na ƙoshi. Ya sake leƙowa. Wannan karon shi da Injiniya suka yi ta magana da yarensu ƙasa-ƙasa suna kallona.

"Malam Isuhu, babu daɗi?" in ji Injiniya.

"Da daɗi ƙwarai, maigida."

Ya kalli kwanon, ya kalle ni. Na ce shi ke nan, an ƙara mini da ƙarya a kan laifin da ban sani ba. Na fara tunanin wanda zai ba ni aron amalanke a Birni. Sai ga kwano na uku.

Hadiza ta sunkuyo kamar tana goge katako.

"Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Tsohon nan kuka kawai bai yi ba. A wurinsu wanda ya ci shiru ya bar saura, ya ce abincin ba shi da kyau. Ka ja da ƙarfi a ji ka, ka shanye romon."

"Ɗiyata, in lashe kwano a gaban maigidana? Da girmana?"

"Da girmanka, Baba. In ba haka ba na huɗu yana kan wuta."

Na dubi kwanon, na tuna iyalina. Na naɗo taliya na ja da iyakar ƙarfina. Wutsiyarta ta yi bulala, romo ya wanke mini ido, saura ya sauka a farar rigar Injiniya. Sai tsohon ya sake daka tsawar nan tasa, yana dariya yana sunkuyawa. Na ɗaga kwano da hannu biyu na shanye, gumi yana zuba, ina ji kamar an cika tanki har ya tumbatsa.

Injiniya yana goge rigarsa ya tambayi Hadiza me ya hana ni tun farko. Ta gaya masa yadda muke yi: baƙo yana barin saura don mai gida ya san ya ƙosar da shi, yara kuma su samu. Wanda ya share kwano, ƙari yake nema.

Na ga mutumin nan ya ajiye tsinkensa a hankali.

"Malam Isuhu, a Zermu, gidan mai gari. Ƙwarya huɗu ta fura."

"Biyar, maigida. Ni na kwantar da kai a bayan mota."

"Na ɗauka dole ne in shanye."

"Su kuma sun ɗauka ba a ba ka abinci a ƙasarku. Mai garin Droum har addu'a ya sa aka yi maka."

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Ban san ko dariya yake ko kuka ba, sai na kalli bango. Da ya ɗago ya ce, "Sabon zango, ba za ka ƙara zama a mota ba in ana cin abinci. Kusa da ni za ka zauna. In lokacin cire hannu ya yi, ka yi tari."

Haka na ji labarin kwantaragina, bakina duk maiƙo. Garba aka mayar da shi biro na Yamai, inda dama can ransa yake. Har na bar aiki ban gano ba ko tun farko ni aka zaɓa, ko kwano na ukun ne ya cece ni. Yohanna ya ce kwanon ne, amma Yohanna ba a kafa shaida da shi.

Abin da na koya shi ne, shofer yana iya shekaru da maigida a mota ɗaya, ya san tarinsa da minsharinsa, bai san abin da yake nufi da kwanonsa ba. Ku kuma yaran yanzu da kuke cika baki kun san hanyar Damagaram rami-rami, sai ku ƙara da wannan: in maigida baƙo ya kira ku cin abinci, ku nemi Hadizar wurin ku tambaye ta tun a kwano na farko. Ni sai da na sha uku, na tuƙo mota har Dogon Dutsi da tazuge a kwance.