Yaya Kamaludeen, Wanda Aka Mayar da Kukansa Abin Dariya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sai dai wani ya riga wani. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Kamaludeen a gidanmu na gado da ke Zongo, nan Kwatano, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda.

Ni ce Ramlatu, autar ɗakinmu. Yaya, kai ka koya mini rubutun Hausa a kan tabarmar zaure, lokacin da lakwal, makarantar boko, ba ta ba mu komai sai Faransanci. Ban taɓa zaton da shi zan rubuta ta'aziyyarka ba.

Mutanen unguwa sun san ka a biron masu kamiyon, wato ofishin manyan motocin da ke kwasar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Tsofaffi kuma sun san ka da takardar likita: su kawo ka karanta musu, kafin su gama godiya ka hau babur ka sayo maganin. Da mijina ya rasu na fara sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa, kowace Asabar kana rumfata wai kana taya ni ciniki. Wane ciniki! Mace ta ɗauki turmi, ka ce mata, "Hajiya, wannan tana zuba, duba waccan." Na sha korarka, ka sha dawowa.

Amma akwai abin da ya ci ka a rai har ka koma ga Allah, kuma shi nake son faɗa.

Ina ƙarama babban yayanmu Abdulwahid, ɗan farin Baba, ya shiga jirgin ruwa zuwa Gabon neman arziki. Daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Baba mutumin zamanin da ne, mai kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya. Duk ranar da aka ce wasu sun dawo daga can, sai ya sa farar rigarsa ya je ya tare su.

"Ko kun ga yaron nan?"

"Wane yaro, Baba?"

"Yaron nan dai, na gidanmu."

Su dube shi su wuce. Ya dawo gida ya zauna, tuwo ya huce a gabansa. Haka ya yi ta yi har ya rasu, sunan yana maƙale a maƙogwaronsa.

Wannan labarin ka rubuta, ka canza sunaye, aka buga maka shi ɗan ƙaramin littafi a ƙetaren iyaka. Na karanta shi a rumfa ina share hawaye da bakin gyale. Sai dai a Zongo kowa na jin Hausa, masu karanta ta kuwa ba su taka kara sun karya ba. Littafin ya zauna a kwali ƙarƙashin gadonka.

Sai ga Shamsudeen, ɗan unguwarmu mai shirya fim, ya ce yana son labarin. Ka yi murna, ka ce yanzu waɗanda ba su iya karatu ba za su gani da ido. Shi da 'yan wasansa babu mai karanta Hausa, kuma aikinsu ba na rubutu ba ne: a ba su labari da baki, kowa ya ƙirƙiro maganarsa a gaban kyamara. Ka zaunar da su ka ba su labarin kana murmushi, yadda ka saba in abu yana maka ciwo. Ba ka ce musu mahaifinka ne ba. Su kuma yaran yanzu ne, a gidajensu uba na ƙwala wa ɗan fari kira da sunansa tun daga bakin titi. Suka ɗauka tsohon mantuwa ce ta kama shi, har ya manta sunan ɗan da yake nema. Suka ba Barau matsayin, wanda ke sa mutane dariya a gidajen biki. Aka manna masa gemun auduga, aka sa masa kiɗa, aka jefa shi cikin kwata.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin ina kusa da kai. Barau ya ce "yaron nan dai" yana sosa ƙeya, wuri ya kaure da dariya, har da masu riƙe ciki. Na yunƙura zan tashi, ka riƙe mini hannu. 

A hanyar gida na ce wallahi sai na je na ci musu mutunci. Ka ce, "Ramlatu, ba da mugunta suka yi ba. Ni ne ban faɗa musu ba." Na ce to ka faɗa musu mana. Da muka kusa ƙofa ka ce, "In ce wa duniya tsohon can ubana ne? Yanzu wani tsoho suke yi wa dariya. In na faɗa, Baba za su yi wa."

Kafin wata ya zagayo, masu tura fim a waya na unguwar Tokpa-Hoho sun raba shi ko'ina. 'Yan zem, masu acaba, suna tsokanar juna da maganar, yara suna kwaikwayon tafiyar a ƙofar gidanmu, daidai inda Baba yake zama. Na ji haushinka a lokacin, Yaya, ba zan ɓoye ba. Haƙurinka ya yi mini yawa.

Ashe kana da taka hanyar. Ka fito da kwalin, ka shimfiɗa tabarma bayan La'asar, ka riƙa karanta littafin da ƙarfi ga duk wanda ya zauna. Wasu sun zo da shirin dariya, da ba su samu ba suka sulale. Wata rana Shamsudeen ya zauna har ka kai inda ka bayyana kunyar ɗan fari. Nan ya gane kuskurensa. Ya ce zai janye fim ɗin, amma abin da ya shiga wayoyin mutane wa zai iya kwaso shi? Ba ka riƙe shi a zuciya ba. Da aka yi masa haihuwa kai ka fara isa wurin suna. Ka ci gaba da karatun har muryarka ta soma yankewa, masu saurare ba su wuce cikin tabarma ɗaya ba.

Ranar sadakar uku wata baiwar Allah ta zo tun daga Godomey, ba mu san ta ba. Ta kama hannuna da zuciya ɗaya ta ce, "Allah Ya faranta masa kamar yadda ya faranta mana. Ko jiya sai da muka kalla da yarana, muka yi ta dariyar tsohon nan." Na ce amin. Me zan ce? Addu'a ta yi maka.

Amma tun ranar ban samu sukuni ba. Ka hana ni magana kana raye, na bi. Yanzu ka yafe mini. Na roƙi Shamsudeen ya tara mutanensa ranar addu'ar arba'in, ni zan karanta musu wannan da bakina, don kowa ya ji: tsohon nan mahaifinmu ne, kuma bai manta sunan ɗansa ba. Wanda zai yi dariya bayan haka, ya yi ta da saninsa.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Labiba, wadda ta yi jinyarka ba ta taɓa ɗaure fuska ba, da 'ya'yanka Ni'ima da Latif, da abokan aikinka, da 'yan tabarmar La'asar. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya jiƙan Baba. Abdulwahid kuwa, in yana raye Allah Ya tsare shi, in ya riga mu Allah Ya haɗa ku a can, inda Baba ba zai sake tambayar kowa ba. Amin.