Zariyar Wandona a Ajin Ladi

Cikin duk shekarun da na yi ina koyar da ilimin halittu a Kwali, ban taɓa mantawa da ranar da aka zo duba Ladi ba. Ɗalibar kwalejin horon malamai ce, aka turo ta wurina gwajin koyarwa. Ƙa'idar ita ce mai duba aiki ya zo daga Garki ya zauna a bayan aji. In darasi ya lalace, sai ta maimaita shekara.

Darasin kuwa ba na wasa ba ne: yadda ƙwayar halittar dabba ke rabuwa biyu. Wasu siraran zaruruwan furotin, aktin da mayosin, suke yi mata ɗamara a ƙugu, su yi ta matsewa har ta tsinke. Ladi ta shirya nuna wannan da majigi. Mai duba aiki na zama, aka ɗauke wuta.

Ladi 'yar maginiyar tukwane ce, sai ta ruga ɗakin sana'a ta ɗauko curin yumɓu. Ta raɗa mini, "Oga, abeg, igiya nake so, ko wane iri."

Igiya dai babu. Tausayinta ya kama ni. Na laɓe bayan kabad, na zare zariyar wandona, na miƙa mata, na lallaɓa na zauna.

Ta zarga wa curin zariyar a tsakiya. "Zariya shi ne aktin, hannuna mayosin. Ku duba!" Ta ja, ta ƙara ja, yumɓu ya shaƙe ya rabu biyu. Aji ya ɗauki sowa.

Da aka tashi, mai duba aikin, dattijo ne ya girme ni a mataki, ya miƙo mini hannu. Ban miƙe ba.

"Malam Sani, ciwon ƙafa ne?"

"Ranka ya daɗe, kayan aikin darasi ne ba su dawo ba tukuna."

Ya dubi zariyar, ya dube ni, ya yi dariya har da hawaye. Ladi ta ci gwajin.

Ina kewar zamanin nan ƙwarai. Shi ya koya mini cewa malami kan sayar da ɗan girmansa don na ƙasa ya tsaya da ƙafarsa. Yau Ladi ce shugabar sashen kimiyya a wata makaranta a Karu. Ranar da na yi ritaya ta zo da ƙunshi, na buɗe a gaban mutane: sabuwar zariya.

"Oga," ta ce, "kayan aiki ya dawo."