Kwalbar Baba a Hannun Matar Ƙanena

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba ba ya kama sunana. In yana nemana sai ya ce wa na kusa da shi, "Ku ce wa yarinyar nan ta zo." Da aka yi mini aure na koma unguwar Adjamé sai na sami ƙarin girma, na zama "ta Adjamé". In na durƙusa gaishe shi yakan amsa idonsa na kan huhun goro. Kowa ya ce mini kunya ce, kuma kunyar ɗan fari so ce. Na yarda. Amma ƙanena yana zama kusa da shi su yi ta hira har da dariya, ni kuwa nawa son sai dai a ba ni labarinsa.

Fataucin goro ya kawo Baba daga Adar muna ƙanana, ya zauna a unguwar Treichville, a babban birnin bakin teku. Innarmu ta rasu da wuri, bai sake aure ba, saboda haka gidan daga shi sai ƙanena da matarsa. A shekarun yaƙin Turawa, lokacin da sukari ya zama abin ɓoyo, ƙabar da ya daɗe yana ɗaurewa da tsumma ta murɗe masa a kasuwa. Aka kwashe shi zuwa asibiti, likita Bature ya yi masa aiki, Allah ya sa da sauran kwana.

Ranar sallama muna tsaye mu uku, likitan ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwa ƙasa-ƙasa yana neman mai jin Faransanci. Ni ko gaisuwa ban iya ba. Na ƙanena na ciniki ne, daga farashi sai zagi. Matarsa kuwa haifaffiyar garin Bassam ce, ta tashi cikin masu yinsa. Likita ya daɗe yana yi mata magana, sannan ya danƙa mata kwalbar. Ta juyo ta fassara mana: maganin ciwo ne, ɗigo goma a ruwa, sau uku a yini. Bayan mako guda a fara ragewa. Mutum ɗaya zai riƙe, kuma ba majinyacin ba. In an daɗe a kansa jiki yana kama shi fiye da yadda baki ke kama goro, in kuma ya yi yawa yana danne numfashi. Abin da ya rage a maido.

Na ji duk wannan, amma abin da ya zauna mini shi ne hannun da kwalbar ta shiga. Yarinyar da aka kawo gidan bara waccan, wadda ni na koya mata yadda Baba ke son kununsa, ita ce yau mai riƙe da lafiyar ubana. Kishi ne ya kama ni, ba zan ba shi wani suna ba.

Kullum da sassafe nakan taso daga Adjamé da ƙafa, kwanon farfesu a ka, in ratsa unguwar Turawa, in hau gadar nan da ke lilo a kan ruwa. Kafin in iso ta riga ta ɗiga masa, ya sha, fuskarsa ta saki. Sai in ji yana cewa, "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata." Farfesuna kuwa ladansa, "Ku ce wa ta Adjamé an gode," alhali ta Adjamé ɗin tana durƙushe a bakin ƙofa.

Da mako ya cika ta fara ragewa, kamar yadda aka ce mata. Ɗinkin ya kama, amma Baba ya ce har yanzu yana jin ja a wurin. Ya fara tambaya kafin lokaci. A wurinmu matar ɗa ba ta ɗaga ido gaban surukinta, balle ta hana shi abin da ya nema. Wannan kuwa sai ta durƙusa, kai a sunkuye, ta ce, "Baba, lokotoro ya ce sai la'asar," wato likita.

Ya ce, "Lokotoron aka yanka ko ni?"

Duk da haka ba ta bayar ba. Ni daɗi ya rufe ni. Har na ja ƙanena gefe na ce masa matarsa ba ta da ta ido, ya yi mata magana.

Wata rana da hantsi ta tafi cefane, ƙanena yana kasuwa, ina shara a tsakar gida, sai na ji an kira sunana daga ɗakin Baba. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina waige-waige, don ban san yadda sunan yake a muryarsa ba. Ya sake kira. Na ajiye tsintsiyar na shiga.

Ya ce, "Zo kusa. Kin san inda take ajiye abin nan?"

Na sani mana. Mai kishi ba abin da ke wuce idonta. Yana cikin adudunta, ƙarƙashin zannuwa. Na ɗauko na ƙirga goma daidai, ina gaya wa kaina ai goma ɗin likita ne ya faɗa. Ya sha, ya jingina, bayan ɗan lokaci sai bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin ranar da aka haife ni, yadda ruwan sama ya hana ungozoma isowa, yadda ya ɓuya a bayan rumbu don kada a ga murnarsa. Ya ce tafiyata irin ta innata ce. Shekara ashirin da 'yan kai ina jiran magana irin wannan. Na koma Adjamé ranar ban san na taka ƙasa ba.

Washegari ma haka, jibi ma haka. Don kada ta ga kwalbar ta yi ƙasa, sai in cike gurbin da ruwan shayi mai sanyi, launinsu kusan ɗaya. Na ɗauka na yi wayo. Abin da ban lissafa ba shi ne kullum maganin ƙara tsinkewa yake, ɗigon da take ƙirga masa ya koma kusan shayi zalla. Sai ya yi ta faɗa da ita, yana cewa tana yi masa rowa. Nawa kuma goma ta daina isarsa, ta koma sha biyar, ta koma ashirin, daga baya na bar ƙirga, tuttulawa kawai nake yi.

Ba zan ce ban ga alama ba. Yana gyangyaɗi a kan buzun salla. Ya yi kwanaki bai zaga ba. In na iso da safe sai in tarar yana hamma, hawaye da majina na zuba, yana gumi ba zazzaɓi. Kuma in na shiga hannuna yake fara duba kafin fuskata. Na gani sarai, na kawar da kai. Ni dai ta ɓata a wurinsa, ni na gyaru.

Da ƙorafin ya yi yawa ƙanena ya koma asibiti ya ce ciwo bai lafa ba. Likita ya yi ta mita, ya ba da wata kwalbar ƙarama, ya ce daga ita babu ƙari. Kashegari da hantsi na ɗauko sabuwar na tuttula yadda na saba da tsohuwar. Ko kaɗan bai zo mini ba cewa wannan babu shayi a cikinta.

Ya fara ba ni labarin wani raƙumi da ya taɓa yi masa gardama a hanyar Gwanja, bai kai ƙarshe ba kansa ya langaɓe. Na ce barci ne. Aka kira azahar bai motsa ba. Na matsa na saurara: ya ja numfashi, sai shiru mai tsawo, har in fid da rai, sannan ya sake ja. Leɓɓansa sun yi duhu. Na kira shi, na girgiza shi, ni da ban taɓa taɓa jikinsa ba tun ina goye.

A haka ta shigo. Ta yar da kwandon cefane, ta ɗaga fatar idonsa, baƙin idon ya tsuke kamar tsinin allura. Ta ce, "Yaya, me ya sha?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ba ta sake tambaya ba. Ta fita da gudu ba ko mayafi, ta dawo da wani ma'aikacin asibiti da ke bayan layinmu. Ya yi masa allura, suka tayar da shi zaune suna marin kumatunsa, suna kwara masa ruwa. Da ya fara farfaɗowa aka ɗura masa gahawa mai ɗaci, aka kama shi ana zagaya tsakar gida da shi don kada ya koma barci, har rana ta yi sanyi. Ni aikina riƙe buta.

Laifin duk a kanta ya sauka. Likita ya wanke ta tas da faɗa, ƙanena ya ce ta haɗa kayanta ta koma Bassam. Ina zaune ina ji, na bar ta da laifina. Baba ne daga kwance ya kira ƙanena, ya ce yana duban bango, "Ni na ɗauko da hannuna. Ku bar yarinyar mutane."

Likita ya ce ba za a yanke masa farat ɗaya ba, sai a hankali, ya tsara mata yadda za ta riƙa ragewa. Ta ƙulle kwalbar a bakin zaninta, ko kasuwa da ita take zuwa. Makonnin nan Baba ya ga tasku: amai, zawo, ciwon ƙafafu, sanyi a tsakar rana. Ya zage ta, ya roƙe ta, ita dai tana durƙushe tana cewa, "Yi haƙuri Baba, saura kaɗan." A kwana na huɗu ya sake kirana, ya ce in karɓo masa daga wurinta, ai ni ce babba. Na ce, "Baba, ba zan iya ba." Ya juya mini baya, hira kuma ta ƙare daga ranar.

Da ya warware, ta ce in raka ta mu mai da sauran maganin. Muna tsakiyar gada ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, ranar nan na shinshina tsohuwar kwalbar. Shayi ce. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Sefini, ya wuce." Na so a ce zagina ta yi, da na san abin da zan mayar mata.

Baba ya koma kan goronsa, ya ƙara shekaru masu dama. Duk baƙon da ya zo, sai ya nuna ta ya ce bayan Allah wannan yarinyar ce ta riƙe masa rai. Gaskiya ya faɗa, na fi kowa sani. Ita kuma kowane lokaci sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai Yaya ma ta sha zirga-zirga, Baba." Sai ya ce, "To, Allah ya yi muku albarka duka." Ni kuwa in ce amin tare da kowa.