Tafin Kawu a Babban Filin Wasa

Da aka gama tsintar auduga, ni da kawuna muka hau jirgin ƙasa daga Sinnar zuwa Khartum kallon ƙwallo. 'Yan ƙasa ne za su kara da baƙi daga yamma, daga ƙasar da aka haifi Kawu. Tun a ƙofar filin wasa na ce, "Kawu, a ciki Larabci kaɗai za mu yi." Ya yarda.

Muka zauna a matakalar siminti cikin mutanen da ba mu sani ba. Kawu ya bar ƙasar Sakkwato yana goye, bai taɓa komawa ba. Amma da baƙin suka ci ƙwallo, fili ya yi tsit, shi kaɗai ya miƙe yana tafi.

Mutumin da ke bayanmu ya dafa kafaɗata, ya tambaya a hankali daga ina muke. Na ce daga Sinnar. Ya ce ba wannan ya tambaya ba.

Ƙofar fita tana can nesa, jama'a sun toshe hanya. Da 'yan ƙasa suka rama, mun fi kowa tafi. Hannun mutumin bai bar kafaɗata ba sai da aka tashi.